Yadda Ake Bin Shari'ar Satar Wuta Da Cin Gumin Mai Aiki A Kotunan Sakkwato

Wani ya kwana a masauki ya sulale da asuba bai biya ba. Wani ya ɗauki ɗan kabu-kabu shata daga Mabera zuwa Kwannawa da dawowa, da suka iso ya ce "jira ni nan ina zuwa", ya shige lungu. Wata ta sa an yi mata girkin biki, ta nuna alat a waya, kuɗi ba su taɓa shiga ba. Wani kuma ya kira mai gyaran wuta cikin dare ya zagaye masa mita. A bakin mutanen gari duk waɗannan sata ce ko cuta. Kotu kuwa ba ta zuba su a kwando ɗaya. Abin da alƙali zai yi ta tono shi ne: tun farko mutumin nan ya shiga da niyyar ba zai biya ba, ko kuwa ya shiga da gaskiya ne daga baya aljihu ya gaza? Na farko laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Na biyu bashi ne, kuma bashi ana binsa ne ta ƙarar neman haƙƙi. Duk matakan da ke tafe a kan wannan bambancin suke tafiya, ko kai ne aka cuta ko kai ake tuhuma.

Mataki na farko: san sunan da aka ba laifin

Tsohon kundin laifuka na Arewa da ake kira Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya fassara sata a sashe na 286 da ɗauke wani abu da ake iya ɗauka daga hannun mai shi, ba da yardarsa ba, da niyyar rashin gaskiya. Kwanan ɗaki ko goyon babur ba abu ne da ake sawa a aljihu ba, shi ya sa 'yan sanda ba su cika rubuta sata a irin wannan ƙara ba. Zamba suke rubutawa, wato yaudarar mutum har ya ba ka abu ko ya yi maka aikin da ba zai yi ba da ya san gaskiya. A tsohon kundin sashe na 320 ne ya fassara ta, na 322 ya sa mata ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tara, ko duka biyun. Sau da yawa sukan jingina mata cin amana don takarda ta yi nauyi, ko da ba wata amana da aka damƙa wa kowa.

Wutar lantarki ce ta fita daban. Kundin ya ambace ta da sunanta, ya ce wanda ya karkatar da ita ko ya sha ta da rashin gaskiya ya yi sata.

Jihar Sakkwato ta sabunta nata Final Kod a 2019, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, kuma a shekarar ta kafa dokar tafiyar da shari'ar laifuka. Ga kuma kundin laifuka na Shari'ar Musulunci da jihar ke da shi tun 2000. Don haka kada ka riƙe lambar sashe da ka ji a bakin wani a majalisa. Ka nemi a karanta maka sunan dokar da lambar sashen da aka rubuta a takardarka, ka sa a kwafe maka su. Da su lauya zai fara aiki.

Mataki na biyu: kafin a je caji ofis

Idan kai aka cuta, ka tattara abin da ke nuna yaudara kafin zafin rai ya ɗebe ka. Littafin baƙi na masauki inda ya rubuta sunan ƙarya ko lambar waya da ba ta shiga. Hoton alat ɗin da ya nuna maka, tare da takardar bayanin asusunka daga banki da ke nuna ba abin da ya shigo a ranar. Saƙonnin WhatsApp inda kuka yi ciniki. Sunan wanda yake wurin lokacin da aka yi magana. Wannan takardar ta banki ita ce ƙashin bayan shari'ar alat na bogi, ka je reshe a buga maka ita da hatimi, kada ka dogara da abin da ke cikin wayarka kawai.

Kada ka ƙwace masa waya ko babur ka ce jingina ce, kada ka kulle shi a shago, kada ka tara masa yara. Mutane da yawa sun tafi caji ofis a matsayin masu ƙara sun kwana a matsayin waɗanda ake tuhuma saboda haka.

Sannan ka auna ko abin ya kai a je hukuma. Kuɗin shata ɗaya ba zai biya maka zirga-zirgar kotu ba. Mai unguwa, shugaban ƙungiyar 'yan kabu-kabu na tashar, sarkin kasuwa, Hisba, duk suna raba irin wannan a zama ɗaya, kuma kunyar a kira mutum gaban dattawan unguwarsu ta fi sammaci saurin fito da kuɗi. In an sasanta a rubuta: nawa ne, yaushe za a biya, wa ya shaida.

Mataki na uku: a caji ofis

Mai ƙara zai ba da bayani a kantar caji ofis, a haɗa shi da ɗan sanda mai bincike, a rubuta jawabinsa, a gayyato wanda ake zargi ko a kamo shi.

Ga wanda aka kamo, akwai abubuwan da doka ta ba shi, kuma ba alfarma ba ce. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Ta hana a kama ɗa ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba, in babu, cikin kwana biyu. A cikin birnin Sakkwato ba ofishin da zai ce kotu ta yi masa nisa. Belin 'yan sanda kuma kyauta ne a doka, ko da yake kowa ya san yadda ake ja-in-ja a kan wannan a bakin kanta. In an nemi kuɗi, ka nemi ganin DPO, shugaban caji ofis ɗin, cikin ladabi.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne jawabi. Za a rubuta da Turanci, a miƙo maka ka sa hannu. Kana da damar ka ce sai lauyanka ko wani naka ya zo. Ka sa a karanta maka a fassara layi-layi. Akwai tazara mai nisa tsakanin "na kwana ɗakin, kuɗina suka yanke, na ce zan kawo" da "na amsa na cuce shi". In ka ji an rubuta abin da ba ka faɗa ba, kada ka sa hannu har a gyara, domin wannan takardar za ta riga ka isa gaban alƙali.

Mataki na huɗu: wace kotu?

In ba a daidaita ba, 'yan sanda za su cika takardar rahoton farko da ake kira FIR su kai kotun majistare ko kotun Shari'ar Musulunci. Mai ƙara ma yana iya tsallake caji ofis ya kai koke kai tsaye gaban kotu, ita kuma ta ba da sammaci ko ta tura wa 'yan sanda su bincika su kawo rahoto. Wanda ba Musulmi ba ba a tilasta masa tsayawa gaban kotun Shari'a, kuma yana da kyau ya faɗi haka tun zaman farko.

Akwai tsoron da ke kama mutane da sun ji kalmar sata a kotun Shari'a, wato yanke hannu. Haddin sata yana da sharuɗɗa masu tsauri a mazhabar Malikiyya: dukiya ce da aka ɗauke a ɓoye daga ma'ajiyarta, kuma ta kai nisabi, rubu'in dinarin zinari ko dirhami 3 na azurfa. Wanda ya hau babur bai biya ba, ko ya yaudari mai abinci, bai fasa ma'ajiyar kowa ba. Irin wannan ta'aziri ne, horon da alƙali ke yankewa gwargwadon abin da kundi ya ba shi dama, tare da mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa.

Mataki na biyar: ranar farko a kotu

Nan ne shari'a da yawa ke ƙarewa cikin minti kaɗan, kuma ba don an gano gaskiya ba.

Ka zo da wuri, ka zo da mutanen da za su tsaya maka, kada ka bari sai an ba da beli a fara neman su a waya. Magatakarda zai kira lambar ƙara da sunanka, ka shiga akwatin da wanda ake tuhuma ke tsayawa. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ko magatakarda zai karanta tuhuma. A kotun majistare da Turanci ake rubuta komai, amma sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ba ka tafinta kyauta. Ko kana jin Turancin kasuwa, ka ce a yi maka da Hausa. Sai a tambaye ka ko ka fahimta, sannan a tambaye ka ko ka aikata.

Ga yadda bawan Allah ke jefa kansa rami. An karanta masa cewa ya yaudari mai masauki da niyyar cuta. Shi kuma, don ladabi da tsoron kada a ce ya yi wa alƙali gardama, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi gafarta Malam, gaskiya ne na kwana ɗakin, a yi mani afuwa." Abin da yake nufi shi ne ana binsa kuɗi. Abin da zai iya shiga littafi shi ne ya amsa laifi, kuma wanda ya amsa laifi a irin wannan ƙaramar tuhuma ana iya yanke masa hukunci nan take, ba sai an kira shaida ko ɗaya ba. Idan ka san ba ka yi yaudara ba, amsar gajera ce: "Ranka shi daɗe, ban aikata ba." Bayanin yadda kuɗi suka yanke da alƙawarin da ka yi yana da ranarsa. Musun tuhuma ba rashin kunya ba ne, kuma ba ya nufin ka musa bashin.

In kuwa ka san ka yi, alat ɗin na bogi kai ka haɗa shi, to amsawa da wuri tare da kuɗin mutum a hannu ta fi jan shari'ar da ba za ka ci ba. Alƙalai suna duba wannan wajen sassauci.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba Da Agajin Lauyoyi ta tarayya, tana da reshe a kowace jiha, har da Sakkwato. Lauyoyin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, ma sukan ɗauki wasu ƙararraki kyauta.

Mataki na shida: beli

Zamba da ƙaramar sata laifuka ne da ake ba da beli a kansu. Lauya zai roƙa da baki, in ba lauya kai ma kana iya roƙa. Alƙali zai ambaci adadin kuɗi da yawan masu tsayawa. Wannan adadin galibi ba kuɗin da za a ƙirga a ajiye ba ne, alƙawari ne cewa in ka gudu mai tsaya maka zai biya, sai fa in kotu ta ce a ajiye a fili. Mai tsayawa zai kawo katin shaida da hotuna, ya kasance mazaunin yankin kotun, kuma ana iya tura ma'aikaci ya je ya ga gidansa. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba a hana mace tsayawa beli don tana mace.

In ba a cika sharuɗɗa ba kafin a tashi aiki, gidan gyaran hali za a wuce da kai har a cika. Ka yi hattara da zaman Alhamis da Juma'a, domin takarda ɗaya da ta makara tana iya jawo maka kwanan ƙarshen mako a ciki. Bayan an sake ka, kada ka kuskura ka tsallake ranar zama. Rashin zuwa ɗaya ba uzuri yana jawo waranti da soke beli.

Mataki na bakwai: shaidu

Nauyin tabbatar da laifi yana kan mai gabatar da ƙara. Zai kira mai koke, ya kira ɗan sanda mai bincike, ya miƙa takardu. Kowane shaida ya gama, kai ko lauyanka kuna da damar yi masa tambayoyi, kuma a nan ake raba bashi da zamba. Sunan da na rubuta a littafinku nawa ne na gaskiya ko na ƙarya? Na ba da wani abu kafin alƙalami? Lambar wayata tana shiga? Mun saba hulɗa ina biya? Ka karɓi wani kaso daga hannuna bayan abin ya faru? Duk amsar da ta nuna ka bar sawu a fili tana rushe zargin niyyar cuta. Ga mai koke kuma darasin a juye yake: ka zo da abin da ke nuna ƙarya tun daga farko, domin "ya ƙi biyana" kaɗai ba ta ɗaure mutum.

In shaidun mai ƙara ba su kafa komai ba, lauya yana iya roƙon a sallame ka ba tare da ka kare kanka ba. In kotu ta ga akwai abin amsawa, sai ka ba da naka bayanin ka kira naka shaidun.

A kotun Shari'a tsarin ya ɗan bambanta. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, kuma kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, ya tambaye ka ko kana da sauran magana ko wata hujja. Kada ka ce babu don gajiya alhali akwai shaidan da bai samu zuwa ba. Ka faɗi sunansa ka nemi a ɗaga.

Batun wuta yana da nasa hanyar

Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna Electric, tare da Kaduna da Kebbi da Zamfara. Mafi yawan maganar baifas, wato zagaye mita, ba ta isa kotu. Ma'aikata za su zo su buɗe mita, su ɗauki hoto, su yanke wuta, su bar takarda. Umarnin da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta fitar a farkon 2025 ya sa kuɗin mayar da wuta ga mai mita mai layi ɗaya Naira 100,000 a karon farko, 150,000 in ya sake. Mai layi uku 200,000 ne, in ya sake 300,000. Ban da wannan akwai lissafin wutar da aka sha ba a biya ba. Waɗannan kuɗi na hukuma ne, a asusun kamfani ake biyansu a karɓi rasit. Wanda ya ce ka ba shi rabi a hannu a rufe magana, gobe wani zai zo da tsani ya sake buɗe ta, kuma ba ka da takardar nunawa.

In kana ganin an yi maka ƙazafi, ka ɗauki naka hoton mitar da hatiminta a ranar, ka adana rasit ɗin katin da kake saye, domin mai sayen kati a kai a kai yana da abin faɗa. Ka rubuta koke ga sashen ƙorafin abokan hulɗa na kamfanin, wanda ƙa'ida ta ba shi kwanakin aiki 15. In ba a warware ba ka wuce dandalin sauraren koke na NERC. 'Yan haya su lura da wannan sosai: ranar da ka shiga gida ka duba mita tare da mai gida, a ɗauki hoto. Ana yawan samun wanda ya gaji baifas ɗin da wanda ya tashi ya bari, kuma wanda aka tarar yana shan wutar shi ake fara riƙewa.

Biyan kuɗin kamfani bai hana a gurfanar da mutum ba. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta mayar da satar wuta da taɓa mita laifin da ke da ɗauri ko tara ko duka biyun, kuma idan aka shigar da tuhuma da dokar tarayya, musamman in ta haɗa da lalata taransifoma ko sare waya, maganar ta fi ƙarfin ƙaramar kotu, babbar kotu ake nufa. Mai gyaran da ya yi haɗin shi ma yana ciki. A wannan matakin kada ka tsaya ba lauya.

Mataki na ƙarshe: sulhu, hukunci, ɗaukaka ƙara

Ko an fara shari'a ƙofar sulhu ba ta rufe ba. Zamba tana cikin laifukan da kotu ke yarda a sasanta. Amma a gaban alƙali ake ƙarasa shi. In kun daidaita a gida, ku dawo ranar zama, mai koke ya faɗa da bakinsa cewa an biya shi ya janye, a rubuta, alƙali ya sallami ƙarar. Wanda ya biya a zaure ya daina zuwa kotu, ƙararsa tana nan da rai, kuma wata rana waranti zai same shi a kasuwa.

In an kai ga hukunci aka same ka da laifi, za a ba ka damar roƙon sassauci. Ka faɗi abin da yake gaskiya: karon farko ne, ga iyali, ga abin da ka riga ka biya. Hukunci yakan zo da ɗauri ko zaɓin tara, sannan da umarnin biyan mai koke. Tara ta gwamnati ce, diyya ta wanda aka cuta ce, biyan ɗaya ba ya sauke ɗaya. Kowanne ka biya ka karɓi rasit a wurin magatakarda.

Mai koke da aka ce masa ƙararsa bashi ce ba laifi ba, bai yi asarar kuɗinsa ba. Sai ya buɗe ƙarar neman haƙƙi, inda abin da ake bukata kawai ya nuna an yi aiki ba a biya ba.

Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da damar ɗaukaka ƙara, daga majistare zuwa Babbar Kotun Jiha, daga ƙaramar kotun Shari'a zuwa ta sama da ita. Wa'adin galibi kwana 30 ne daga ranar hukunci, don haka a ranar ka nemi kwafin hukuncin da na zaman shari'a a rubuce, ka biya kuɗin kwafi, ka kai wa lauya tun kafin mako ya zagayo.